Ƙura ce ta zaɓa mini kalar daɓen katako

Wata goma sha huɗu ke nan da aka gama shimfiɗa katako a falona da ke Gesse, nan Birnin Kebbi. Na ƙi cewa komai a kan aikin sai da ya ga hunturu da bazara da damina, domin daɓen da aka shafa wa banish jiya, ko wane ne ya yi shi kyau zai yi.

Tayil ne a falon da, irin mai santsin nan, ya tsattsage a wuri uku. Ni kuwa mutum ne mai zaman ƙasa, a nan nake cin abinci, a nan nake karatu, sanyin tayil kuma ya fara taɓa mini gwiwa. Da muka tashi gyaran gida sai na ce wannan ɗaki ɗaya, mai mita biyar da huɗu, katako nake so. 'Yan'uwa sun yi ta dariya, wai a garin gara zan shimfiɗa mata tuwo. Kuɗinsa kuma ya fi na tayil nesa ba kusa ba, wannan ba na musu.

Kafintan da aka haɗa ni da shi dattijo ne, ya yi shekaru yana aiki a kudu kafin ya dawo gida. Shi ya ba da shawarar loko maimakon maɗaci, ya ce zuciyar loko gara ba ta cika son ta ba, amma farin gefen nan na kusa da ɓawo ba ya da wannan kariya, don haka duk katakon da ya zo da fari a gefe sai ya ware shi. An yi feshin maganin gara, an shimfiɗa leda a kan siminti saboda danshi, sannan aka jera katako. Duk wannan ya tafi lafiya. A wajen kala ne muka yi ja-in-ja.

Na zo da hoto a waya, daɓe mai duhu, kusan baƙi, yana sheƙi kamar an zuba masa mai. Na ce haka nake so. Ya karɓi wayar ya duba, ya miƙo mini.

"Alhaji, wanga ɗaki na ƙasar da babu ƙura ne," in ji shi. "In ka ce in yi, ni yi. Amma ka ba ni kwana ukku tukuna."

Washegari ya zo da guntaye huɗu da suka rage daga katakon ɗakin. Wannan shi ne abu na farko da ya burge ni: bai nuna mini takardar kaloli da ke zuwa da gwangwani ba, ya ce waccan a kan wani icce aka gwada ta, kuma kowane icce da yadda yake shan rini. Ya goge su da samfefa daidai yadda zai goge ɗakin. Na farko ya bar shi ba rini, banish kawai. Na biyu ya sa masa kalar zuma, na uku mai ja-ja irin na maɗaci, na huɗu baƙin da na nema. Dukkansu ya rufe da banish, domin rini kafin banish da bayansa ba kama ɗaya ba ne, banish ɗin ne ke fito da shi. Ya jera su a ƙasa kusa da taga ya ce in duba su da hantsi, da la'asar, da kuma dare in an kunna ƙwai.

Da hantsi baƙin ya fi kowa kyau, har yanzu ba zan canza wannan magana ba. Da dare kuwa, ƙarƙashin farin ƙwan nan na sola, mai ja-ja ya koma kamar jan ƙasa, baƙin kuma ya shanye hasken wurin. A rana ta uku ya dawo, ya shafo ƙurar da ke kan fiffiken fanka da tafin hannu, ya hure ta a kan guntayen. Watan Oktoba ne lokacin, iskar hunturu ba ta ma taso ba. A kan baƙin sai ka ce an barbaɗa gari. A kan mai kalar zuma sai ka sunkuya kafin ka gan ta. Ya taka baƙin da ƙafa ba takalmi, yatsunsa biyar suka fito raɗau.

Uwargida tana tsaye a bakin ƙofa. "Malam, ka faɗa masa dai," ta ce, "tunda ba shi ne zai riƙa sa a goge sau biyar a yini ba."

Haka aka tsaya a kan kalar zuma. Ni a raina na so a ƙara mata duhu kaɗan, ya hana. Dalilinsa shi ne loko sabon yanka rawaya-rawaya yake, amma haske da iska suna mayar da shi ruwan ƙasa da kansa, banish mai mai kuma yana ƙara rawaya in ya kwana biyu. In aka fara da duhu, nan da shekara sai ya wuce inda ake so. Kuma mai haske ana iya ƙara masa duhu, mai duhu kuwa sai an kankare shi da inji har a tarar da farin icce. Ban gaskata ba sai watan jiya da muka ɗaga kafet ɗin tsakiya: ƙarƙashinsa yana nan da haskensa na farko, kewayensa ya nuna, ya kai kusan kalar da na so tun asali. Yanzu muna ɗan matsar da kafet ɗin lokaci-lokaci don wurin ya kamo sauran.

Yadda ya shafa rinin ma abin kallo ne. Da tsumma yake yi, yana bin tsawon katako biyu ko uku, ya bari 'yan mintuna ya share abin da iccen bai sha ba kafin ya wuce gaba. Banish shafi uku ya yi, da gogar samfefa mai laushi a tsakani, kuma mara ƙyalli sosai ya zaɓa, ya ce mai sheƙi yana tona kowane ƙarce. Tsummokaran kuwa bai yarda a tara su a kusurwa ba, sai ya baza su a waje ɗaya-ɗaya, saboda tsumman da ya sha mai in aka dunƙule shi yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. Wannan ban taɓa jin sa ba sai a bakinsa.

To amma aikin bai rasa aibi ba, kuma ba zan rufa masa ba don ya iya magana.

Kwana goma ya ce, aka yi ashirin da uku. Akwai ranar da ya tafi ɗaurin aure Argungu ya bar wa yaronsa shafin bakin ƙofa. Yaron ya fara daga gefe ɗaya, ya tafi salla, ya dawo ya ɗora a kan wanda ya riga ya bushe. Inda shafin biyu suka haɗu akwai layi mai duhu, tsawonsa ya kai kamu biyu, kuma a daidai inda baƙo ke fara sa ƙafa. Da na nuna masa bai yi gardama ba, ya kankare ya sake, ya ragu amma bai ɓace ba. In rana ta faɗo ta ƙofa da yamma ina ganin sa. Warin banish kuma ya kore mu daga wannan sashe fiye da mako, ƙaramar 'yata har ciwon kai ta yi, shi kuwa bai gargaɗe mu ba tun farko.

Babban abin da ya dame ni shi ne tsaga. Katakon ya yi mako biyu a cikin ɗakin kafin a kafa shi, kamar yadda ya kamata, sai dai ƙarshen damina ne, iska na da danshi. Da hunturu ya kankama, wajen Janairu zuwa Fabrairu, icce ya tsuke, tsakanin wasu katakai ya buɗe har ƙarshen wuƙa na iya shiga. Na kira shi a fusace. Ya ce in jira ruwa ya sauka, kada in cike da komai. A watan Agusta kuwa yawancinsu sun rufe, uku ne suka ƙi. Ya yi gaskiya a nan, amma wanda ya san haka ai shi ya kamata ya ce mu dakata sai iska ta bushe, ko aƙalla ya faɗa mini abin da zan gani. A nan ma kalar ta rufa asiri: ƙurar da ke maƙalewa a tsagar ba ta fita sosai a kan ruwan zuma, da baƙi ne da falon ya zama takarda mai layi.

Gara dai ba ta zo ba tukuna, ina kuma duba gefen bango duk wata. Shara sau ɗaya da safe, sai tsumma mai ɗan danshi bayan kwana biyu ko uku, ba a kwara masa ruwa kamar tayil. Zafin Afrilu bai sa banish ɗin ya yi danƙo ba, abin da na fi jin tsoro ke nan.

Maƙwabcina ya tambaye ni ko zan ba shi lambar mutumin, na ba shi, da sharaɗi biyu: a yi aikin da rani, kuma ranar shafa rini ya tabbatar maigidan da kansa ke riƙe da tsumma. Ya ce shi fa baƙi yake so. Na shiga ciki na ɗauko masa guntun nan na huɗu, wanda muke tokare ƙofar kicin da shi, na ce ya ajiye shi a falonsa zuwa Juma'a.