Kada ku yarda a ɗora masai kafin ku ga abin da ke ƙarƙashinsa

Jama'a, abin da ya same ni nake so ku ji, don irin wannan cutar ba a gane ta sai ɓarna ta yi nisa.

Masan banɗakinmu na saman bene ne ya tsage, na sayo sabo, na kira mai gyaran famfo. Ina wurin aiki ya bugo mini: "Maigida, akwai matsala fa, filanji ya karye." Filanji shi ne zoben nan na roba ko na ƙarfe da ke bakin bututun ƙazanta, wanda ake ɗaurewa da daɓe. Yana da tsaga biyu, dama da hagu, inda notuna biyu ke maƙalewa su riƙe masai kada ya motsa. Tsakaninsa da gindin masai kuma ana sa zoben kaki, wasu na roba, shi ke tare ruwa da wari. Ya ce sai an sa sabon filanji da sabon kaki. Na tura masa kuɗin kaya da na aiki gaba ɗaya. Da na dawo na tarar da masai a zaune, an zagaye gindinsa da farin silikon, tsaf-tsaf. Har godiya na yi masa.

Ba a yi wata guda ba banɗakin ya fara wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. In mutum ya zauna sai ya ji masan ya ɗan karkata. Sai ga tabo ruwan ƙasa a silin ɗin ɗakin da ke ƙasa, kullum ƙara faɗi yake. Na kira shi, yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi, daga baya ya daina ɗaga waya.

Wani dattijo mai sana'ar na samo. Yana taɓa murfin notin hagu sai ya biyo hannunsa, da guntun noti da aka yanke aka liƙa da silikon don ido kawai. Ya yanke silikon ɗin da wuƙa, ya ɗaga masan, ya ce, "Zo ka gani, ɗana." Tsohon filanjin na nan yadda yake, gefe guda a ɓalle. Tsohon kakin ma shi aka mayar, baƙi ƙirin, a murƙushe. Na ce, "Baba, ashe ba abin da ya canza?" Kai kawai ya girgiza.

Shi kaki sau ɗaya ake amfani da shi. In an danna shi ya lotsa, ba ya komawa yadda yake, don haka da zarar masai ya motsa kafa ta buɗe. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne silikon ɗin: da bai toshe ko'ina ba, da ruwan ya fito kan tayil tun ranar farko na gani. Da ya rasa mafita sai ya bi cikin daɓe. Warin kuwa iskar bututu ce ke shigowa gida, iyalina suna shaƙa.

Gyaran gaskiyar bai kai awa ɗaya ba. Akwai zoben gyara na ƙarfe marar tsatsa da ake ɗorawa kan karyayyen filanji, a ɗaure shi da daɓe da sukurori, notuna su samu wurin kamawa. In filanjin ya nutse ƙasa da tayil, akwai abin ƙara masa tsayi, domin a saman daɓen ya kamata ya zauna. Na faɗi wannan ne saboda wasu ta ɗaya ɓangaren suke cuta: su ce sai an fasa daɓe an canza bututu. Wannan babban aikin sai in bututun kansa ne ya tsage, ko daɓen ya lalace, kuma abu ne da ido ke gani. A ce mai gyaran ya nuna.

Don Allah, duk mai canza masai ya tsaya a wurin lokacin da aka ɗaga tsohon. In babu hali, a turo hoton bakin bututun kafin gyara da bayansa. A buɗe sabon kaki daga kwalinsa a gabanku, a ba ku tsohon abin da aka cire. A kora ruwa sau da yawa kafin a shafa silikon, a bar 'yar kafa ta baya. A tura masan da gwiwa a ji ko yana girgiza, kuma kada a biya cikon kuɗi sai an yi wannan.

Ni dai yanzu silin ɗin ƙasa muke jira ya bushe a canza, lambar mutumin kuwa har yau a kashe take.