Gargaɗi: tsohon faifan birki ya shafa wa fenti, ya karɓe min Naira 685,000

Jama'a, kwana tara ke nan ina rubuta wannan ina gogewa, kunya ce take hana ni sakawa. Amma jiya da daddare na ga shafin mutumin nan da ya sayar min da kayan birki ya dawo Instagram da sabon suna, hotunan kayan kuwa su ne dai, har da kwalin nan mai lanƙwasasshen gefe da ya taɓa turo min. Sai na ce wallahi ba zan ƙara kwana da maganar nan a cikina ba. Naira 685,000 ya karɓe min. Dubu ɗari shida da tamanin da biyar, a kan kayan birkin da suka kusa kashe ni.

Motata BMW ce, 330i, ƙirar E46 ta 2003. Shekara shida tana hannuna. Da ita nake kai yara makaranta, da ita nake shigowa aiki cikin Abuja daga Karu kullum, ta gangaren Kugbo. Sau uku ko huɗu a shekara ni da abokaina mukan haɗa kuɗi mu karɓi fili mai kwalta a killace, mu jera tsofaffin tayoyi, mu yi gudunmu mu watse. Ba ma yi a titin jama'a, kada wani ya zo min da wannan maganar. Abin da nake nema shi ne fad ɗin birki (abin da ke matse faifai mota ta tsaya) da faifai da za su kama da sanyin safiya in na fito da yara, kuma su jure zafi ranar da muka shiga fili. Irin wannan kayan ba ko'ina ake samu ba. Na zaga Apo, na sa an duba min a Ƙofar Ruwa a Kano, duk na yau da kullum ne. Shi ya sa da wani a zaurenmu na WhatsApp ya turo shafinsa na bi.

Ga abin da ya ci ni, kuma shi ne yake hana ni barci. Ni ne na fara ce masa ina son faifai mai huji, saboda kyau, ana hango shi ta cikin wili. Mai hujin ya fi tsada da Naira 90,000. Sai ya turo min saƙon murya, minti ɗaya da sakan arba'in da takwas, har yanzu yana wayata. Ya ce, "Yallaɓai, don Allah kada ka sayi mai huji. Tunda kana shiga fili, faifai zai yi zafi ya huce, ya yi zafi ya huce, daga bakin hujin nan tsagewa take farawa. Ka ɗauki mai tsaga-tsaga a fuska, ko ma sumul. Ni ba zan sayar maka da abin da zai cuce ka ba saboda dubu casa'in."

Ku faɗa min, wa zai ji wannan bai yarda ba? Mai kaya ya ƙi karɓar ƙarin 90,000 da hannunka ka miƙa masa. Kuma maganar tasa gaskiya ce, na san ta tun kafin na san shi, son kwalliya ne kawai ya ja ni. Na saurari saƙon nan ya fi sau talatin a cikin kwanakin nan, ina neman inda muryarsa ta yi rawa, inda ya kamata in gane. Babu. A natse yake magana, da Hausarsa tsaf, yana ce min Yallaɓai, yana tambayar lafiyar iyali. Ya bar dubu casa'in don ya kwashe 685,000.

Kuma ban biya da ido rufe ba, wannan nake so a fahimta. Na yi masa tambayoyi. Na tambaye shi girman faifan gaba na motata, bai yi jinkiri ba ya ce faɗi milimita 325, kauri 25. Daidai. Na tambaye shi fad na siramik, ya ce a'a, siramik na mai son wili ya zauna fes ba ƙura ne, ba ya son zafin fili, in ɗauki mai haɗin ƙarfe. Ya ce kuma kada in kuskura in sa fad na tsere zalla a motar da nake kai yara makaranta, don sai ya yi zafi yake kamawa, da safe zai yi ta ƙara yana cin faifai. Shi ne ma ya tuna min man birki. Ya ce in birki ya yi tauri a ƙafa amma mota ta ƙi tsayawa, fad ne ya ƙone. In kuwa ya yi laushi ya tafi ƙasa, mai ne ya tafasa. Ya ce DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya tsufa ya sha ruwa yakan sauko wajen 155. Duk wannan haka yake. Mutumin ya san aikin, ko dai ya zauna ya haddace shi don irina.

Kuɗin sau uku na tura. 400,000 na farko. A'a, bari in gyara, kafin nan sai da muka yi kiran bidiyo, ya nuna min shago, kanta cike da kwalaye, wani yaro yana wucewa da kaya a kai. Ya ce suna Legas, kusa da kasuwar kayan mota ta Ladipo. Yanzu na gane shagon wani ne ya shiga ya tsaya, ko ma aron wurin ya yi na minti biyu. Bayan kiran ne na tura 400,000. Lissafin shi ne faifai biyu na gaba 310,000, fad na gaba 185,000, na baya 95,000, man birki lita biyu 40,000, kuɗin mota 10,000. Ya kama 640,000. Ragowar 240,000 na tura ranar da ya nuna min hoton kayan a tasha an rubuta sunana a jiki. To sai 45,000 ɗin, wadda ita ce a tsakiya, na manta ban faɗa ba. Kwana huɗu da biyan farko ya kira ya ce fad na gaba yana cikin kayan da suka maƙale a tashar jirgin ruwa, dala ta motsa, sai an cika. Har haƙuri ya ba ni, ya ce shi ma ya ji nauyi. Na tura. 400,000 da 45,000 da 240,000. Ku tara, 685,000. Kuma sunan da ke kan asusun na uku ba irin na biyun farko ba ne, ya ce na ƙaninsa ne. Na gani, na lura, na tura duk da haka, saboda saƙon nan na mai huji yana kunnena.

Kaya suka iso tashar Jabi ranar Litinin. Kwalaye masu kyau, da leda, da tambari. Faifan ya sha fenti ruwan toka yana ƙyalli, irin wanda ake yi don hana tsatsa. Abu ɗaya ya tsaya min a rai, na juya bayan fad ban ga alamar nan ta Turai ba, harafin E a cikin da'ira da lamba mai 90R. Wannan alamar ita ce shaidar an gwada fad ɗin, kamunsa bai kauce wa na asalin motar da fiye da kashi 15 cikin ɗari ba. Na kira shi a take, ina tsaye a tashar. Ya ce, "Yallaɓai, ai kayan tsere ba sa ɗaukar wannan lambar, na titi ne kawai ake yi wa." Kun ga mugunta? Wannan ma gaskiya ne, fad na tsere zalla galibi ba shi da ita. Amma ni ba na tsere zalla na saya ba, shi da bakinsa ya hana ni. Na titi da fili na saya, wanda ya kamata a ga lambar a jikinsa. A lokacin ban haɗa maganganun biyu ba. Sai da na kwanta a asibiti ana duba min wuya sannan suka haɗu a kaina.

Na yi gaba da yawa. Bakanikena Baba, dattijo ne da ya shekara biyar yana taɓa motar nan, ya tafi gida ta'aziyya a makon. Yaronsa ne ya ɗaura ranar Talata. Ban ga laifin yaron ba, an ba shi kaya a kwali a rufe, ni kuma ina tsaye a kansa ina cewa ya yi sauri saboda Asabar muna da fili. Na fita na yi abin da ake yi wa sabon birki, na taka daga gudun 100 zuwa 20 sau takwas ba tare da na tsaya cak ba, na bar shi ya huce. Ranar Alhamis ina gangaren Kugbo da yarana biyu a baya, sitiyari ya fara rawa a hannuna duk sanda na taka. Na tura masa saƙo. Ya ce kayan ne ba su gama zama ba, in ƙara kwana biyu. Yarana biyu a baya, jama'a. A Kugbo, inda kowa ya san yadda tirela da tifa suke yi da mutane in birki ya tsinke.

Asabar, zagaye na uku, ina wajen gudun 120 na nufo kwana. Na taka. Birkin da tauri kamar dutse, motar kuwa tafiya take. Wani wari ya cika ciki, sai na ji ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe daga gaba ta hagu, motar ta fizge gefe. Na sauke giya, na ja na hannu, na bi ta kan tayoyin da muka jera na shiga ciyawa. Bamba ta tafi, lagireto ya fashe, fitila ɗaya ta tarwatse. Allah ne ya tsare, babu kowa a gefen nan. Da a ce mako mai zuwa ne, Jos za mu je biki da maman yara, ta Hawan Kibo, mu hau mu kuma gangaro.

Da Baba ya dawo ya kwance ƙafar, bai ce min komai ba da farko. Fad na hagu ya ɗauko ya miƙo min gida biyu, abin da ke goga faifai ya rabu da ƙarfen bayansa, ya zube a hannuna kamar gawayi. Gam ne aka liƙa. Sai ya ɗauki faifan ya kankare gefen da wuƙa, fenti ya tashi, tsatsa ta fito, rubutun da ke jikin ƙarfen ya bayyana, inda kamfani yake buga iyakar kaurin da in an kai sai a jefar. 23.4 aka rubuta. Ya sa ma'auni a gabana, 22.6. Sabo 25 ne. Wato tsohon faifai ne da ya gama aiki a wata motar, aka kai shi injin aka goge fuskar, aka yanka tsaga, aka fesa fenti, aka sa a kwali. Faifan da ya sirance haka ba ya iya ɗaukar zafi. Man birkin ma da muka duba galan na biyu, murfin manna shi aka yi. Baba ya dube ni ya ce, "Alhaji, da ka jira ni kwana uku." Maganar nan ta fi hatsarin yi min ciwo, don gaskiya ya faɗa. Minti ɗaya ya ishe shi ya auna.

Wasu a zaure har sun fara cewa ai ni na ja, wai son banza ne. Wane banza? 685,000 ce banza? Da araha ya saka min da na gudu. Farashinsa daidai yake da abin da na gani a waje in ka lissafa dala da kuɗin kawowa, har ya ɗan ɗara. Ni ba sabon shiga ba ne a harkar mota, na san bambancin FF da GG a lambar fad, na san harafin farko kamunsa ne da sanyi, na biyu da zafi. A kwalin GG aka buga, a jikin fad ɗin kuwa babu ko harafi ɗaya. Mutumin da ya hana ka ɓarnar kuɗi, ya gyara maka zaɓi, ya tuna maka man birki, ya gaishe da iyalinka, ta ina za ka fara zarginsa? Wanda ya turo shafin a zaure shi ma ya zo har gida yana ba ni haƙuri, ashe bai taɓa sayen komai a wurinsa ba, gani kawai ya yi ya tura. Ni kuma ban tambaye shi ba. Wannan na yarda kuskurena ne.

Ranar Lahadi, wato washegarin hatsarin, na tura masa hoton fad ɗin. Ya duba, alamar ta yi shuɗi. Ya rubuto "Innalillahi, bari in kira kamfani." Bayan awa ɗaya hotonsa ya ɓace, layin ya daina shiga. Litinin shafin ya ɓace.

Ina da komai. Rasit uku na banki, hirarmu tun daga sallama ta farko, saƙon muryar, hoton ma'auni a kan 22.6, da bidiyon Baba yana kankare fentin. Na kai ƙorafi wurin 'yan sanda, na rubuta wa bankina, gobe in Allah ya yarda zan kai kayan ofishin SON, hukumar kula da ingancin kaya, su gani da idonsu. An ce in dakata da saka lambobin asusun da sunan shafin har a gama abin da ake yi, shi ya sa ba ku gani a nan ba. Hotunan kayan da na hirar zan ɗora su yau da daddare, in na rufe lambobi. Duk wanda ya ji labarin nan ya yi kama da nasa, ya same ni ta akwatin saƙo.

Kada ku biya kuɗin kayan birki ba ku riƙe su a hannu ba. Ku auna kaurin faifai kafin a ɗaura, ku juya bayan fad ku nemi lamba. In sunan asusu ya canza, ku tsaya.

Motar tana can garejin Baba a kan jak, gyaran gaban kaɗai an ce min ya haura 300,000, ban da sabon birkin da dole in sake saya. Ɗiyata ta tambaye ni jiya me ya sa yanzu a motar haya muke zuwa makaranta, na ce mata ana gyara ne. Shi kuwa yana can da sabon suna, kuma na tabbata yanzu haka akwai wanda yake tura wa saƙon nan, yana ce masa Yallaɓai kada ka sayi mai huji. Ban yafe ba. 685,000, da yarana biyu a bayan mota a gangaren Kugbo, wallahi ban yafe ba.