Manjagarar da ta jure mini aikin sare bishiya

Shekara tara ke nan ina aikin sare bishiyoyi da rage musu rassa, kuma a cikin kayan aikina babu abin da na fi sauyawa kamar manjagara. Injin yanka yakan yi shekaru in ana kula da shi, igiya ma haka, amma manjagara sai ka ga cikin wata biyu ta tashi aiki. Ga shi kuwa da ita ake rufe aiki. Wanda ya kira ka ba zai hau sama ya duba yadda ka yanke reshe ba, ƙasa yake kallo. In ya tarar da garin katako a cikin ciyawarsa da ƙirare a bakin ƙofa, to duk gwanintar da ka nuna a sama ta tafi a banza.

Da farko ta roba nake saya, mai buɗaɗɗun haƙora kamar mafici, wadda don ganye aka yi ta. Ba ta da nauyi, kuma tana kwasar busasshen ganye da yawa a ja ɗaya, wannan kam ba zan tauye mata ba. Sai dai sharar bishiyar da aka sare ta wuce ganye. Akwai ɗanyen reshe mai nauyi, akwai ɓawo, akwai garin katako da ya jiƙe ya dunƙule. Haƙoran roba sukan bi ta kan irin wannan su wuce, in ka danna kuma su karye. Ba ta shiri da rana ma. Tana wuni a bayan mota, rana na dukanta har launinta ya koɗe, robar ta bushe, wata rana kana ja sai ka ji ƙas. Guda uku na jefar a shekara ɗaya.

Daga nan na koma ta ƙarfe mai faffaɗan haƙora marasa kauri. Ta fi ta roba ƙarko, amma haƙoran na lanƙwashewa, kowanne ya kama gabansa, sai ta riƙa barin shara layi-layi a bayanta. Babbar matsalarta kuma a wuya take, wato inda kai ya haɗu da ƙota, kuma nan ne nake so duk mai saye ya tsaya ya duba da kyau. Wani siririn kwano ne aka naɗe ƙotar da shi, aka kafa ƙaramar ƙusa guda ɗaya. Duk ja ɗaya sai kan ya ɗan motsa, ramin ƙusar ya ƙara faɗi, ruwa ya samu hanyar shiga, katakon ya fara ruɓewa daga ciki ba ka sani ba. Wata rana da yamma, saura tuli ɗaya mu tashi, na saƙala ta a cikin rassa ina jawo su kan tamfol, sai na ji hannuna ya yi sakayau. Kan ya zauna a cikin tulin, ƙota ce kawai a hannuna, bakinta ya yi baƙi ya yi laushi kamar soso. Da shebur da hannu muka ƙarasa, har duhu ya same mu a wurin.

Wadda nake amfani da ita yanzu ta kai wata goma sha huɗu a hannuna. Faɗin kanta inci 21 ne, ƙotarta inci 55, ta zaren gilashi, wato faiba, ba katako ba. Haƙoranta zagayayyu ne kamar waya mai kauri, na ƙarfen sifirin, kowanne an murɗe shi daga tushe an lanƙwasa bakinsa ya kalli ƙasa. Wannan murɗin shi ne sirrinta: in haƙori ya ci karo da saiwa ko dutse sai ya ba da baya ya dawo inda yake, maimakon ya tsaya a karkace. Wuyanta kuwa ƙarfe ne ya ratsa ƙotar ya ɓulla ɗaya gefen aka ɗaure da noti, in ya saki sai ka ƙara ɗaure shi da sifana.

Ranar da na fara gwada ta, mun niƙe wani kututture da inji, ɓarɓashin itace da ƙasa sun watsu cikin ciyawa. Na kama ta yadda na saba, ina dannawa da ƙarfi, sai tana kafewa. Yaron da ke taya ni aiki ya karɓa ya ja ta a hankali yana tsaye ƙyam, ya ce, “Maigida, wannan ai ba a danna ta, da kanta take shiga.” Gaskiyarsa. Haƙoran na ratsa tsakanin ciyawa su zaƙulo garin katakon da ya kwanta a ƙasa, su bar ciyawar a tsaye. Abin da a da nake bi sau huɗu, yanzu sau biyu ya wadatar, kuma bayana ya daina yi mini ciwon da na saba kwana da shi. In ƙirare sun cushe a haƙoran, sai in ɗan tura ta gaba a ƙasa, su zube.

Sau ɗaya gungume ya mirgino ya taka ta, haƙora biyu suka baje. Na cire su na sa wasu, ban jefar da kan gaba ɗaya ba. Wannan kaɗai ya isa in fifita ta a kan duk waɗanda na riƙe a baya.

Tana da nata aibin. A kan busasshen ganye mara nauyi ta roba ta fi ta sauri nesa ba kusa ba, don ita tsire ganyen take yi, sai ka tsaya kana zarewa. A sabuwar ciyawar da ba ta kama ƙasa ba, ko bayan ruwan sama da ƙasa ta yi taɓo, tana iya tumɓuke saiwa, ga kuma saƙale tsiro mai yaɗo. Ƙotar ba ta ruɓewa, amma da ta gogu da sarƙar inji a cikin mota, wurin ya fito da wasu ƙananan zare masu shiga tafin hannu kamar ƙaiƙayi. Na naɗe wurin da tef, kuma ban ƙara kama ta ba safar hannu ba. In don daɗin riƙo ne, ƙotar katako ta fi, matuƙar jijiyar katakon ta miƙe daga sama har ƙasa babu ƙulli.

Manjagarar ba ta cike rami kuma. Don baje ƙasa a gurbin kututture ina da mai gajerun haƙora goma sha huɗu na ƙarfe mai kauri, wadda ba na kusantar ciyawa da ita. Ta roba guda ɗaya na nan don ganye, ina rufe ta da buhu saboda rana.

Watan jiya na sayo wa yaron tasa, don mun fara jayayya a kan wa zai riƙe ta idan an zo share fili. Na sa an yi mana walda ta ƙugiya biyu a jikin motar, muna rataye su a can sama da inda ake jibga gumagumai, kuma duk ƙarshen mako nakan bi notin da sifana kafin in rufe akwatin kayan aiki.