Hoton Taurari: Kyamara a Kafe ko Na'urar Bin Taurari?

Wanda ya kafa kyamara a kan maɗori mai ƙafa uku ba ya kashe kuɗi da yawa, amma juyawar duniya tana takura shi, domin da gilashin kyamara mai milimita 20 taurari kan fara jan layi a hoton idan an bar kyamarar a buɗe fiye da kimanin daƙiƙa 25. Dole ya ɗauki hotuna masu yawa, ya haɗe su da manhajar Sequator ko Siril don rage dishi-dishi, kuma a ganina nan ya dace ɗan koyo ya fara. Na'urar bin taurari kuwa, wadda ke juya kyamara a hankali tana bin tafiyar taurari, tana barin kyamara a buɗe har mintoci, sai dai tana da tsada, kuma ana saita ta da tauraron arewa, wanda a Kano tsayinsa daga inda sama ta haɗu da ƙasa kimanin digiri 12 ne kawai, don haka hazo kan ɓoye shi.