Alƙahira, Istanbul ko Fas: ina za ka kai kuɗinka?

Mai son fita waje don ganin tarihi da ɗanɗana abincin wasu, ba tare da fargabar haram a faranti ba, yawanci garuruwa uku ke zo masa a rai. Kafin ka biya kuɗin tikiti, ka san abin da kowanne zai ba ka.

Alƙahira ita ce mafi sauƙi ga ɗan Arewa, domin EgyptAir na tashi daga Kano kai tsaye. A rana guda za ka yi sallah a masallacin Azhar, wanda Faɗimiyyawa suka fara ginawa a 970, ka ratsa kasuwar Khan al-Khalili da ke maƙwabtaka da shi, ka ziyarci kabarin Imam Shafi'i. Dalar Giza kuma tana bakin gari. Abincin titi ba tsada: koshari, wato shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa, yana ƙosar da mutum har dare. Sai dai hayaniya da cunkoson motoci, ga masu raƙuma a Giza da ba sa barin baƙo ya sarara. Ku yi ciniki ya faɗa kafin ka hau. Kada ka je tsakanin Yuni da Agusta, zafi ba zai bar ka ka yi yawo ba.

Istanbul ta fi su ƙawa, ta kuma fi su cin aljihu. Aya Sofiya, tsohuwar majami'ar da aka gama ginawa a 537, ta koma masallaci a 2020, kuma a fadar Topkapi akwai ɗakin da aka adana kayayyakin da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW) da sahabbansa. Kabarin Abu Ayyub al-Ansari ma yana nan. Amma kuɗin shiga wuraren tarihi ya yi tsada ga baƙi, sanyin Janairu kuwa ba irin hunturunmu ba ne.

Ni dai Fas ta ƙasar Maroko ce ta fi kwanta mini a rai, ko da yake hanyarta ta fi nisa: jirgi zuwa Kasablanka, sannan jirgin ƙasa na kusan awa huɗu. Tsohon garin mota ba ta shigarsa, sai ƙafa da jaki da alfadari. A can Faɗima al-Fihriyya ta kafa masallacin Ƙarawiyyin a 859, a can kuma zawiyar Shehu Ahmad Tijjani take, inda aka binne shi a 1815, shi ya sa da wuya ka rasa mai jin Hausa a ƙofarta. Ka leƙa majemar Shuwara, ka tuna cewa fatar jar akuyar Sakkwato da ta ƙetare Sahara, da sunan Maroko Turawa suka riƙa sayenta. Ranar Juma'a a ci kuskus, sauran ranaku tajin, wato dahuwar nama da kayan lambu a tukunyar ƙasa, da shayin na'ana'a.

Ɗan Najeriya sai da biza a duk ƙasashen uku, don haka ka fara nemanta da wuri, ka kuma riƙe katinka na rigakafin shawara. Idan da iyali za ka tafi kuma kwanakinka ba su wuce biyar ba, ɗauki Alƙahira. Fas tana son mai mako guda da ƙafafun tafiya.