Ciwon kunnen kare: yis ne ko bakteriya?

Ɗan'uwa, ka ce karen gadinka yana ta kaɗa kai yana susar kunne, ka ɗiga masa gentamicin, antibayotik na kemis, har kwalbar ta ƙare amma warin yana nan. Abubuwa biyu suka fi kawo haka, kuma maganinsu daban.

Na farko yis ne, wani fungas mai suna Malassezia. Dama can yana zaune a fatar lafiyayyen kare, sai kunne ya riƙe laima ya samu wurin yaɗuwa. Shi ya sa yake tashi da damina a nan Kaduna, musamman ga karnukan da kunnuwansu suka faɗo suka rufe ramin. Dattinsa ruwan ƙasa ne mai maiƙo, warinsa da tsami, kuma ƙaiƙayi ya fi ciwo yawa. Antibayotik ba ya yi masa komai. Clotrimazole ko miconazole ke kashe shi.

Bakteriya kuwa iri-iri ce. Staphylococcus aka fi samu, kuma sau da yawa yana jin magani. Pseudomonas ne mai taurin kai: mugunya rawaya ko kore-kore, gyambo a cikin kunne, kare ba ya yarda a taɓa masa kai. Yana yin wani yauƙi ya ɓuya a ciki, magunguna da dama ba sa kama shi, ballantana a kunnen da aka daɗe ana yi wa ɗigo rabi da rabi.

Ni zargina ya fi karkata ga yis a naka, amma ido da hanci ba sa yanke hukunci, don sau da yawa su biyun suna haɗuwa a kunne ɗaya. Likitan dabbobi zai lakato dattin ya duba a madubin hangen ƙwayoyin cuta. Yis siffarsa kamar gyada a ɓawonta, Staphylococcus ƙwalo-ƙwalo, Pseudomonas sanda-sanda. In ya ga masu sanda, ko ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a aika ɗakin gwaji a reni ƙwayar kwana 2 zuwa 3 a ga maganin da ke kashe ta. Asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya bai yi mana nisa ba. Sakamakon gwajin ma sai likita ya auna shi, domin an gina shi ne kan ƙarfin magani a jini, alhali ɗigo yana isa kunne da ƙarfi fiye da haka nesa ba kusa ba.

Ka dakata da gentamicin tukuna. In dodon kunne ya fashe, yana iya kurmantar da kare. A fara wanke kunnen, don mugunya na rage wa magani ƙarfi, sannan a nemo tushen abin: ƙananan ƙwarin kunne, abincin da jikinsa ba ya so, ko ruwan wanka da ke kwanciya a ramin, tunda ramin kunnen kare a lanƙwashe yake.