Garejin mai wayarin da ya gano matsalar fankar motata a Apo

A watan Maris, lokacin da zafin Abuja ya fi tsanani, allurar zafin injin motata ta fara haurawa duk sa'ad da na shiga cunkoson hanyar Nyanya, amma da zarar hanya ta buɗe sai ta sauko. Bakaniken farko da na gani ya ce a cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan injin, a haɗa fankar kai tsaye don ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota. Ban yarda ba, domin injin da ba ya kai zafin aikinsa yana shan mai fiye da kima, fankar kuma ba ta daɗewa.

A kasuwar makanikai ta Apo na sami mai wayarin ɗin da nake yaba wa. Kafin ya taɓa komai, ya bayyana mini cewa fankar ba ta tashi don raɗin kanta: sensa ce ke auna zafin ruwan injin, ta sanar da ƙwaƙwalwar motar, ita kuma ta kunna rile, wato wani ɗan makunnin lantarki, rile ya saki wutar batir zuwa fanka. Daga nan ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Fis lafiya yake. Ya ba fankar wutar batir mai bolt 12 da wayoyi biyu, ta juya da ƙarfi, wanda ya nuna ba ita ce ta mutu ba. Ya jona na'urar bincike, ta nuna zafin ruwan yana hawa daidai har ya wuce digiri 100, fanka shiru, saboda haka ya wanke sensar daga zargi. Da ya musanya rilen da wani irinsa, nan take ta tashi.

"Alhaji, rile ne kawai ya ƙone," in ji shi, ya miƙo mini tsohon in gani da idona.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai sallame ni ba sai da muka ga fankar ta tashi ta kuma tsaya da kanta har sau biyu, sannan ya gargaɗi yaronsa kada ya buɗe murfin lagireto da zafinsa. Sai dai wurin ba shi da inuwa ko kujerar kirki, kuma na jira kusan awa biyu kafin layi ya zo kaina, don haka mai niyyar zuwa ya yi sammako.